Makin Fensir

Shafi na 31

Masu turo min saƙo tun shekaranjiya cewa na ajiye Monita a ƙofar gidan mutane na yi tafiyata, na ji, kuma ku ne da gaskiya. Wayata ce ta yi wanka a bahon wanki, sai jiya ta farfaɗo. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, matso kusa in gaya maka inda aka kwana.

Monita dai ba yarinya ba ce. Shekarunta arba'in da bakwai, 'ya'yanta huɗu, babbar har ta yi aure, aikinta kuma gwajin ruwan sha. Bara waccan ta tattara ta koma jami'a don ta ƙarasa digirinta na biyu, wanda ta ajiye yau shekara ashirin da biyu ke nan. Sashen ya karɓe ta, ya kuma yarda a ɗauko mata tsofaffin kwasa-kwasanta da makinsu, ba sai ta maimaita ba. A lokacin har murna ta yi. Abin da ba ta kawo a ranta ba shi ne cikin tsofaffin akwai C guda ɗaya, dokar sashen kuwa ba ta da kwana-kwana: C ɗaya ake yafe wa ɗalibin digiri na biyu, in ya ƙara, ya kwashe ya-nasa-ya-nasa. Zangon da ya wuce kwas ɗin kwamfuta ya yi mata kayen tsiya, ta sake kwaso C. Biyu ke nan. Kundin bincikenta yana nan an ɗinke shi da koren bango, sai sheƙi yake, amma yau Alhamis ƙarfe biyu kwamiti zai zauna ya sallame ta.

Ana cikin haka ne saƙo ya zo daga Mama Tafireta, tsohuwar mai buga takardu ta sashen, wadda ta yi ritaya tuntuni, wai maza-maza tana nemanta kafin rana ta yi tsaka.

Sallama uku Monita ta yi kafin a amsa. Ta tarar da tsohuwar zaune bakin gado ta miƙe ƙafafu a kan kujera 'yar tsugunno, gwiwoyin sun kumbura. Can gefe a kan tebur ga tafiretar nan an lulluɓe ta da tsohon mayafi. Monita na ganinta ta ji ƙarar a kunnenta, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sannan ƙararrawa, yadda take cika baranda tun daga safe har a tashi. Ta durƙusa ta gaishe ta. Mama ta riƙo fuskarta da hannu biyu, ta matso da ita kusa don idon ya yi rauni, ta daɗe tana kallo.

"Monitata," ta ce. "Har ke ma kin yi furfura? To mu kuma mu ce me?"

Suka yi dariya, irin wadda hawaye ke biyo bayanta. Mama ta sa ta zuba musu shayi daga flas, ta shiga tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, da maigidan, da aiki. Daga nan ta gangara kan 'yan ajinsu na da. Su huɗu ne kacal a shekarar. Soja, wanda bai taɓa shiga soja ba, tafiyarsa ce kawai ta jawo masa, ya rasu shekara shida da suka wuce. Alƙali, mai yanke hukunci kan kowace gardama ba tare da an sa shi ba, yana can wata ƙasa ana ganinsa a hoto da tumbi. Sai Dogo, wanda yanzu shi ne Farfesa kuma shugaban sashen. Sai ita, da aka laƙaba wa Monita saboda ita ce mai rubuta jerin sunaye, mai karɓo alli, mai tuna wa kowa ranar miƙa aiki.

Monita tana amsawa, tana satar kallon agogon bango. Goma saura. Mama ta lura, ta yi ƙwafa, ta ce wato har yanzu halin yana nan, to ta kwantar da hankalinta, ba don shayi ta kira ta ba.

"Kin tuna Malam Fensir?"

Wace irin tambaya ce wannan! Ai ko mutuwa ta yi ta dawo ba za ta manta shi ba. Tsohon C ɗin nan da ke neman kashe ta yau, a kwas ɗinsa na ƙididdiga ta same shi. Ɗan siriri ne, Allah ya jiƙansa, kullum da fensir a maƙale bayan kunne da biro mai koren tawada a aljihun gaba, duk sashen shi kaɗai ke da irinsa. Da reza yake fiƙe fensir, a hankali, ɓawon yana zuba cikin gwangwanin madara, kai kuma kana zaune gabansa zuciyarka na dukan uku-uku. Yana da wata al'ada da kowa ya sani. In ya duba jarrabawa, da fensir yake fara sa maki, kuma da gangan yake ƙwaƙule shi, wanda ya fi ƙoƙari shi ya fi matsa wa. Sai ya kira ku ɗaya bayan ɗaya, abin da yake kira "zama". Ya buɗe takardarka, ya nuna inda ka kauce, ya ce gyara min da baki. In ka gyara, sai ya ɗauki magogi ya goge fensir ɗin tas, ya hure takardar, sannan ya zaro koren biron ya rubuta makinka na gaskiya. Yakan ce fensir ra'ayinsa ne, biro kuma hukunci.

"A shekarar nan," in ji Mama, "ke kin yi zama da shi?"

"Ban yi ba, Mama. Ni na tsara jerin. Na sa Soja, na sa Alƙali, na sa Dogo, na bar kaina ƙarshe kamar kullum. Ranar da zan shiga da safe aka ce ya faɗi, an kai shi asibiti."

"Sai kuma kika ga C a allo."

"Sai na ga C a allo. An buga, an sa hatimi."

Wannan ne gyambon da ba ta bari kowa ya taɓa, har maigidanta. Ita ce 'yar gaban goshin Malam, kowa ya sani. Da ta ga makin, sai ta ɗauka ya sake karanta takardar tata a gadon asibiti ya ga iyakarta ke nan, bai ma ga amfanin zama da ita ba. Fushi ya hana ta zuwa duba shi. 'Yan ajin suna zuwa kullum, ita tana ƙirƙiro ciwon kai. Kwana tara ya yi ya cika. A watan ne kuma sashen ya ɗauki ƙaramin malami guda ɗaya daga ajinsu, wanda ya fi maki. Da ita ce a gaba, C ɗin nan ya mai da ita ta biyu, aka ɗauki Dogo. Ba ta ƙara wata uku ba ta ajiye karatun ta kama gabanta.

Mama ta ce ta jawo mata jakar da ke ƙarƙashin gado. Ta laluba can ƙasa, bayan takardun asibiti da tsofaffin hotuna, ta fito da ambulan mai ruwan ƙasa, gefensa duk ya ci. Ta ce ta ɗauka ta je bakin taga.

Takardar maki ce, ta asali, da rubutun hannun Malam. Sunaye huɗu. Uku na sama da koren biro. Na huɗu, nata, C ne da shuɗi.

"Na ga shuɗin tun a ranar," in ji Mama. "Na ce mutum yana asibiti, wataƙila na nas ya ara. Na buga abina. Ɗan karkata ta wajen haske."

Monita ta karkata takardar. A ƙarƙashin shuɗin, a ɗan gefe inda biron bai bi daidai ba, wani siririn layi ya yi ƙyalli. Fensir ne. Ba a goge ba, bi aka yi ta kai.

Nan take ta zauna daɓas a ƙasa. Mama ta ci gaba da magana a hankali, ta ce shekara talatin tana buga wa bawan Allahn nan takardu, bai taɓa ɗora biro a kan fensir ba, ko sau ɗaya, cewa yake ƙazanta ce. Ita ma ba ta lura ba sai ranar da take kwashe fayiloli za ta yi ritaya, rana ta hasko ta taga. Ta ɗauke takardar ta sa a jaka, ta yi shiru, don a ganinta mai abu ta yi nisa, ta yi gidanta, tonon ba zai haifar da komai ba sai ɓacin rai. Jiya da ta ji abin da kwamiti ke shirin yi, abinci ma ya ƙi shiga.

"Ki yafe min, 'yar nan. Da hannuna na buga shi."

"Mama, wa ya kawo miki ambulan ɗin daga asibiti?"

Tsohuwar ta kau da kai wajen tafiretar.

"Ke ma kin san mai ɗaukar masa jaka."

Sha ɗaya da rabi ta yi mata a barandar sashen. An yi fenti, an sa tayil, amma matakala ta uku tana nan da ɓallin da Soja ya yi mata ranar da suka sauko da tebur. Ofishin shugaban sashe shi ne tsohon ofishin Malam. Ta ƙwanƙwasa, ta shiga ba ta jira izini ba.

Dogo yana tsaye yana jera takardun zaman kwamiti, don shi zai shugabanci zaman. Tsayin yana nan, sai dai ya ɗan ranƙwafa, gashin ya gudu ya bar masa fili. Fankar nan mai kukan ƙofa babu ita, na'urar sanyaya ɗaki ce yanzu. Amma a kan kanta, tsakanin manyan littattafai, gwangwanin madara yana nan da guntayen fensir a ciki. Sau nawa ta shigo ofishin nan cikin shekara biyu tana ganin gwangwanin, ranta yana yin sanyi, tana cewa kai, Dogo ɗan halak ne, bai manta Malam ba.

Ya yi mata murmushin gajiya, ya ce bai kamata a gan ta a nan ba kafin zama, mutane za su yi magana, amma ta zauna. Ta rufe ƙofa, ta ƙi zama.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni kan doka."

Ya ɗago. In su biyu ne ba ta taɓa ce masa ranka ya daɗe ba.

Ta ce tana so ta sani, maki in ya shekara ashirin, akwai abin da ke ɗaga shi? Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce sun sha yin wannan maganar, maki in ya wuce shekara guda ba a taɓa shi, ko malamin da kansa ya dawo. Ƙofa ɗaya ce kawai doka ta bari: in an tabbatar ba malamin ne ya bayar da makin ba. Nan sai a soke shi, a rubuta "bai kammala ba", ɗalibi ya sake zama jarrabawar. Kuma takarda kaɗai ba ta isa, sai da mutum mai rai da zai tsaya ya ce ya gani da idonsa. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an yi amfani da ita ba.

Ta zaro takardar ta shimfiɗa a kan teburinsa, ta juya ta yadda hasken taga zai faɗa mata.

Bai taɓa ta ba. Kallo ɗaya ya yi mata ya nemi kujera da hannu kamar makaho, ya zauna.

"A... a... a ina..."

In'ina. Rabonta da jin ta tun suna ɗalibai. A da, in tsoro ya kama Dogo harshensa ɗaurewa yake. Ranar gabatar da aiki sai ya tsaya gaban allo yana "sa... sa... sa...", gumi na zuba, ita kuma daga kujerar gaba ta ce "sakamakon", ya kama daga nan ya wuce. Har Malam yana tsokanarsu cewa digirin Dogo in ya fito sai an raba biyu. Yau ta san sarai abin da yake son cewa, a ina ta samo, amma ta tsuke bakinta ta bar shi ya yi ta kokawa da kalmar.

"Dogo, da wane biro?"

Ya cire tabarau ya ajiye.

"Nawa ne."

Wallahi ta so ya musa. Da ya musa da ta samu abin yi, ta ɗaga murya, ta buga tebur. Amma ya amsa, sai ta ji ƙarfinta ya tafi.

Ya ba ta labarin, kansa a ƙasa, yana yi yana tsayawa. Ranar Laraba ce Malam ya miƙa masa ambulan ɗin da hannun da bai shanye ba, ya ce ya kai wa Mama, a buga na mutum uku, a bar na huɗu sai ya tashi. Kafin ya kai, ya biya ta wajen jami'in jarrabawa na lokacin, mutumin ya ce shi ba ya karɓar aji rabi da rabi, ko a kawo duka huɗu kafin Juma'a ko ajin gaba ɗaya ya jira zango mai zuwa. Ranar Juma'ar nan kuma ake rufe neman gurbin ƙaramin malami. Ya fito, ya shiga ɗakin karatunsu na ƙarƙashin bene, ya zauna da takardar a cinya. Ya ce wa kansa ai Malam zai warke, mako biyu ne, ya goge ya gyara, babu wanda zai cutu.

"Ka san fensir ne," ta ce.

"Na sani."

"Kai ma C ya sa maka da fensir. Ni na zauna da kai kwana biyu muna bita kafin ka shiga zama, ka fito da A."

"Na sani, Monita."

"Ka kuma san in aka buga haka, kai ne a gaba."

Na'urar sanyaya ɗaki kawai ke huci.

"A lokacin na ce wa kaina ban lissafa wannan ba. Shekara ashirin da biyu ina faɗa wa kaina haka. Ƙarya nake. Na lissafa."

Ya ce da Malam ya rasu ya so ya faɗa, ya je har ƙofar ofishin Mama sau biyu ya juya. Daga baya aka ba shi aikin, ya yi aure, yara suka zo, abin ya yi masa nauyin da ba zai ɗagu ba. Ranar da ya ga takardarta ta neman dawowa, ya ɗauka Allah ne ya ba shi hanyar biya a ɓoye. Shi ya tsaya aka karɓe ta, shi ya kawo shawarar a ɗauko mata tsofaffin makinta don ya rage mata wahala, bai san da hannunsa ya sake ɗauko mata C ɗin ba. Makon jiya har gida ya bi malamin kwamfuta yana roƙo a sake duba takardarta, maki biyu kawai ya rage ta haye, mutumin ya ce shi abin da ya gani ya bayar.

"Ya yi daidai," in ji Monita. "Wancan C ɗin nawa ne, da gumina na same shi, ban iya kwamfutar ba. Ka je roƙon wani ya murɗe na gaskiya don kar ka gyara na ƙarya."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Ta san abin da ke gabansa in ya buɗe baki a kwamiti: kujerar, da farfesancin da aka gina a kan wancan gurbin, da sunansa a gaban ɗalibansa da 'ya'yansa. Ba ta ji daɗin sanin ba. Wannan mutumin shi ya ɗauki gawar mahaifinta a kafaɗa, matarsa ita ta kwana da ita a asibiti ranar haihuwar autarta.

"Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma kar ka rage min komai. Me Malam ya ce a kaina?"

Ya ɗago, idanun sun yi jawur.

"Ya ce, ka gaya wa Mama ta bar na Monita. Takardarta ta fi ta kowa, shi ya sa na matsa mata. Ina so in ji ta da bakinta."

Ta dafa teburin.

"Sai me?"

"Kullum in mun shiga sai ya duba bayanmu. Bakin ya karkace, maganar ba ta fita sosai, amma muna ganewa. Yana cewa, ina Monita? Ni nake ce masa kanki ke ciwo."

A nan ne kukan ya ƙwace mata. Ba kukan digiri ba ne, digirin ma ta manta da shi. Shekara ashirin da biyu tana riƙe da tsoho a rai, tana wuce unguwarsu ba ta taɓa shiga ta gai da iyalinsa ba, ashe shi yana kwance yana duban ƙofa. Ta yi mai isarta a tsaye, ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki jakarta. Takardar kuwa ta bar ta a inda take.

"Kin manta da..."

"Ban manta ba. Ba ni na rubuta ba, ba ni zan karanta musu ba. Ga ta nan, ga ka nan. In ka ga dama ka yage ta, ba ni da wata, Mama kuma ba zan ja ta da gwiwoyin nan zuwa gaban kwamiti ba."

Ta fita ta ja masa ƙofar a hankali.

Sauran lokacin a ɗakin ƙarƙashin bene ta yi shi. Yanzu karyayyun kujeru ake zubawa a ciki. Ta share ɗaya ta zauna. A bango, ƙasan sabon fenti, har yanzu ana iya ganin tabon hayaƙin da risho ɗinsu ya yi, inda suke dafa shayi a buta ɗaya su sha a kofi biyu, Alƙali yana yanke hukuncin wa ya fi zuba sukari. Nan Dogo yake maimaita jawabinsa tana gyara masa. Nan kuma, ashe, ya zauna da takardar a cinya. Maigidanta ya kira sau biyu, ta tura masa saƙo cewa tana lafiya, ya yi mata addu'a kawai.

Biyu daidai magatakardan kwamiti ya leƙo baranda ya kira lambarta.

Dogon tebur ne, mutum biyar a can ɓangaren, Dogo a tsakiya, ita kaɗai a wannan ɓangaren da kujeru biyu, ɗaya babu kowa. Kundinta mai koren bango yana gefen hannun wata Farfesa daga sashen lissafi, mace mai tabarau a kan hanci da aka ce ba ta san wasa ba. Monita ta dubi gaban Dogo. Fayil ne, da takardar sallama da aka riga aka buga, da biro. Ambulan mai ruwan ƙasa babu alamarsa.

Magatakarda ya karanta doka, ya karanta makinta, C na farko da shekararsa, C na biyu da tasa. Malamin kwamfuta ya ce shi yana tausaya mata, amma abin da ke takarda ke nan. Wani ya ce kundin yana da kyau ƙwarai, abin takaici ne. Farfesar lissafi ta ce ba kundi aka zo dubawa ba. Sannan ta dubi Monita ta saman tabarau ta tambaye ta ko tana da abin cewa.

"Babu, ranki ya daɗe."

"Ba ki da wata hujja, ko wani uzuri?"

"Ba ni da shi."

Magatakarda ya tura takardar sallamar gaban shugaba. Dogo ya ɗauki biron, ya cire murfin. Monita ta sunkuyar da kai tana kallon yatsunta, don ba ta so ta ga hannun nan yana rubutu a kanta karo na biyu.

Sai ta ji ƙarar kujera.

Ya miƙe. Ya ajiye biron a buɗe, ya zagayo dogon teburin, kowa na bin sa da ido, ya zo ya ja kujerar da ke gefenta, ta ɗalibai, ya zauna. Ya sa hannu cikin riga ya fito da ambulan ɗin, ya zare takardar, ya tura ta tsakiyar tebur.

"A rubuta," ya ce wa magatakarda. "C na farko, ba Malam ne ya bayar da shi ba."

Farfesar lissafi ta ja takardar, ta ɗaga ta wajen taga, ta karkata. Ta daɗe tana kallo. Ta sauke, ta cire tabaranta.

"To wa ya bayar?"

Dogo ya buɗe baki.

"N... n... n..."

Gumi ya keto masa duk da sanyin ɗakin. Ya sake gwadawa, harshen ya ƙi. Mutum huɗu suna jira, alƙalamin magatakarda yana tsaye a kan takarda. Sai ya juyo a hankali ya dubi Monita, irin kallon da yake mata daga gaban allo, yana jiran ta ƙarasa masa.